An Karɓi Saƙonka, Mun Gode

Tungan Sahabi, ƙasar Ngaski
12 ga watan biyar, 2024

Zuwa ga ɗiyata mai sunan Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata Mansura. Yaya aiki, yaya zafin Kaduna? Mu nan alhamdu lillahi, ban da gwiwar nan da ta sa ni salla a zaune. Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce busasshen kifin da ta aiko a rataye shi, kada a ƙulle shi a leda.

Malam Elijah ke riƙe da biro, kin san ni ban zauna aji ba. Na gargaɗe shi ya rubuta magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata mai irin nasu na tsofaffin hedimastoci. Sunanki ma shi zai sa a bayan ambulan. Sunan uwata ne, bakina ba ya faɗinsa.

Shekara hamsin da shida ke nan ina jiran amsa ɗaya, ba a ba ni ba. Kin sha jin labarin har kina toshe kunne, to yau sai ki sake ji, don ya iso ƙofarki. Lokacin da anka tashe mu daga Gungun Dudu za a cika tafki, ina ɗan shekara goma sha uku. Baba ya tafi ofishin masu tashin har sau uku, ni ke tsare masa takalmi a bakin ƙofa. Bai roƙi gida ba, bai roƙi gona ba. Abu guda ya ce: tsamiyar da ke kan tudun gari, wadda Inna ke kwance kusa da gindinta, ko a sare ta ko a kafa mata alama, domin gungu, wato tsibirin namu, tudu ne, ruwa ba zai binne ta da zurfi ba, wata rana sai ta ci jirgi. Akwai wani akawu mai farar riga da ke zaune a ƙofar. Ya karɓi magana da hannu biyu, ya yi murmushi, ya yi godiya, ya ce an ji, a koma gida. Sau uku an ji. Baba ya koma ga Allah bai ga wanda ya ji ɗin ba.

Bara da kinka zo da manhajar nan taku, ƙungiyar masu jirgi ta karɓa, zakara na yanka don murna. Na ce yau ɗiyata ta kori akawu daga ƙofa. Ke da bakinki kinka tsaya gaban dattawa kinka ce duk wanda ya ga haɗari a ruwa ya tura tes da sunan wurin da abin da ya gani, nan take zai shiga wayar kowane direba daga Shanga har Wara, ƙungiya kuma ta kai duro mai sarƙa ta kafa a wurin. Ni da na shekara talatin ina duba wa ƙungiya ruwa, gaban jama'a anka miƙa mini waya.

To ruwa ya fara ja tun watan uku, bana kuwa ja yake kamar ana zuƙe shi daga ƙasa. Zuwan farko na zura gora a kan tsamiyar, sai da ta nutse duka har hannuna ya jiƙe kafin ta taɓa reshe. Jiya kamu uku na samu. A da ba abin damuwa ba ne, tsofaffin direbobi sun san wurin, zagaye shi suke yi. Yanzu mai ya yi tsada, 'yan bana sun gano in sun yanke ta kan gungun suna rage tafiya. Ga jiragensu manya, a loda musu albasa da babura da mutane har ruwa na lasar baki.

Sau bakwai Elijah ya tura mini saƙo: Gungun Dudu, itace a ƙarƙashin ruwa, a kauce. Kowane karo, kafin ya aje wayar amsa ta shigo: An karɓi saƙonka, mun gode. Da farko na ji daɗi. Daga baya na tambayi kaina, wane mahaluki ne ke karanta magana da sauri haka? Ko liman sai ya ja numfashi tsakanin aya da aya.

Na tare Haruna, mai jan babban jirgin kasuwa, na tambaye shi ko ya ga gargaɗina. Ya ce babu abin da ya shigo masa. Sai na faɗa masa da bakina, mu biyu a bakin ruwa. Ya yi dariya ya ce, Baba Cindo, da gaskiya ne ai da waya ta faɗa. Kin ji inda kunka kai mu. Na ɗauki jarkata na ɗaure a reshen, kwana biyu wani ɗan albarka ya kwance ta ya yi gaba. Na je wurin Jabir, sakataren ƙungiya, ya ce ba ya fitar da duro sai abu ya fito a kwamfutarsa, haka sabon tsari ya ce.

Da gangan ban kira ki ba. Maganar waya iska ce, takarda kuwa ana iya ajiye ta a nuna wa mutum gobe. Ki duba mini wa ke karɓar saƙon nan, wa ke godiyar, kuma ina yake kai shi.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Mansura. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Cindo na Gungun Dudu


Tungan Sahabi
3 ga watan shida, 2024

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa wajibi ce, don haka ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gidanki. Mu nan jiki lafiya. Sauran kuwa ki karanta.

Sati uku ke nan da takardata. Direban motar da na ba ta ya rantse hannunki ya miƙa ta. Kin kira mahaifiyarki kin ce kin gani, za ki duba in aiki ya lafa. Da ta faɗa mini sai na ga farar rigar nan ta akawu. An ji, a koma gida.

Ran kasuwar Yauri da ta wuce, da hantsi, jirgin Haruna ya hau tsamiya. Mutum kusan arba'in ke ciki. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar an fasa babbar randa. Cikin jirgin ya tsage daga gaba har tsakiya, albasa ta watsu a kan ruwa, babura biyu sunka tafi ƙasa wurin kakanninmu. Allah ya sa masu kamun kifi na nan da kwalekwale biyar, su sunka tsamo mutane, ba a rasa rai ba. Amma Hansatu, matar marigayi Tanimu, katako ya danne mata ƙafa, ta karye wuri biyu. Kin san ta. Ni da mijinta kwalekwale ɗaya munka shiga ranar da munka bar gungu, kuma ita ta yi wa mahaifiyarki wankan jego da anka haife ki. Na je gidan mai ɗori in yi mata sannu. Na yi sallama sau biyu. Ta juya fuskarta ga bango.

Washegari ƙungiya ta zauna a ƙarƙashin rumfar tasha, anka kira ni. Jabir ya buɗe kwamfuta ya juyo ta wajen jama'a, ya ce a duba, abu na ƙarshe da ya shigo da sunan Baba Cindo dorina ce da ya gani kusa da Wara tun watan biyu, daga nan babu komai. Na ciro waya na ce a ƙirga. Goma sha ɗaya, domin bayan takardar da na aiko miki na ƙara huɗu. Goma sha ɗaya, kowane da godiyarsa a ƙarƙashi. Jabir ya karɓa ya jujjuya, ya ce ƙila tsoho ya danna wani wuri daban. Wani daga baya ya ce ido in ya tsufa sai a bar shi ya huta. Anka yi dariya. Ni da na koya wa ubanninsu riƙon filafili.

Na ce to a bar waya, a tambayi Haruna, ai na faɗa masa baki da baki. Ya miƙe, hannu a naɗe da tsumma, ya ce shi bai tuna ba. Ban yi mamaki ba, mutumin da ya fasa jirgin ubangidansa zai tuna abin da zai ƙara masa nauyi? Elijah ya tashi ya ce da yatsansa ya tura saƙonnin, sunka ce abokin cin goronsa ne, me zai ce in ba haka ba. Elijah ya ce in cire wannan daga takarda, na ce ya rubuta.

Yanzu sun kai duro sun kafa. Ja ne, ana hango shi tun daga bakin ruwa. Ƙafar Hansatu ta yi abin da bakina da bakin Baba sunka kasa.

Sun tsayar da ranar ashirin ga watan nan za su sake zama, su karɓe wayar, su ba wani aikin duba ruwa, kuma a rubuta a littafin ƙungiya cewa sakacina ne ya jawo. Wayar ba ta dame ni ba, su jefa ta tafki. Aikin ma gwiwata ta gaji da shi. Amma ba za a rubuta cewa ɗan mutumin da ya je ofis sau uku kan tsamiyar nan ya gan ta ya yi shiru ba. Ba ni da gona mai girma, ba ni da bene. Abin da na tara a shekara saba'in shi ne in na ce akwai itace a ƙarƙashin ruwa, mutane su juya jirgi. Shi ake shirin karɓewa, kuma abin da kinka ƙera da hannunki ne shaidar da ake kafawa a kaina.

Ɗayan biyu ne. Ko dai akwai mutum a wajenku da ke karanta sunan Gungun Dudu ya yi tsaki ya share, ko kuwa abin naku maƙaryaci ne. In mutum ne, ki faɗa mini sunansa da na ubansa. In abin ne, to ke kinka koya masa magana.

Mahaifiyarki ta ce in sassauta. Na sassauta, ba ki ji wadda na fara faɗa ba.

Ni ne,
Cindo


Tungan Sahabi
11 ga watan shida, 2024

Zuwa ga ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da Mansura. An ce ta yi zazzaɓi, yaya jikin nata? A riƙa sa ta cikin gidan sauro, damina ta kama.

Na ga kiranki sau tara. Ina zaune kusa da wayar, ni na hana a ɗauka. Da kinka gane kinka ɗauki biro, ai ga shi takarda ta iso, shafi huɗu. Elijah ya karanta mini sau uku. Bari in maimaita miki abin da na fahimta, in na kauce ki gyara.

Kin ce babu mutum. Kin ce manhajar kamar gida ce mai ɗaki arba'in, ɗakin karɓar saƙo daban, ɗakin neman sunan wuri daban, ɗakin rarraba wa direbobi daban, kuma a kowane ɗaki aiki na iya yin tuntuɓe. Maimakon ki bi ɗaki ɗaki kina rubuta abin da za a yi in an yi tuntuɓe har sau arba'in, sai kinka rubuta shi sau ɗaya a gefe, kinka umarci na'urar ta saƙa shi a bakin kowace ƙofa. Duk kuskuren da ya taso daga ko'ina, kafin ya fito waje wannan umarni, kamar mai tsaron ƙofa, zai cafke shi. Kin kira dabarar da wani dogon suna na Turanci, Elijah ya yi tuntuɓe a kansa shi ma, na ce ya wuce.

Na riga Elijah ganewa. Ai aikinmu ne. Masunci mai hankali ba ya bin rafi bakwai da taru bakwai, inda sunka haɗu yake zuwa ya gitta guda ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, ban ga laifinta ba, kuma na ji daɗi a ce daga kanki ta fito.

Laifin yana wurin abin da kinka ce mai tsaron ya yi bayan ya cafke. Kin ce ya rubuta kuskuren a wani littafi da ke cikin na'urar, sannan ya juyo ya ce wa mai saƙo an karɓa, mun gode. Saƙona ya shiga ɗakin farko lafiya. Ya isa ɗakin neman suna, anka duba jerin garuruwan da kunka kwafo daga taswirar yau, babu Gungun Dudu, tunda taswira ruwa kawai ta sani a wurin. Aiki ya yi tuntuɓe. Mai tsaro ya cafke, ya rubuta, ya gode mini. Na dorina ya wuce domin Wara na kan taswira. Kin ce kin buɗe littafin kin same su duka goma sha ɗaya a jere, da rana da sa'a, kuma tun da anka kafa abin babu wanda ya taɓa buɗe shi.

Mai sunan Inna, wa ya taɓa gitta taru ya tafi gida shekara guda bai dawo ya duba ba? Kifin da ke ciki ruɓewa yake, ya ɓata ruwan. Sannan tarun naki bai san bambancin ciyawa da giwan ruwa ba. Layin waya ya yanke, da tsoho na ihu jirgi zai nutse, buhu ɗaya kinka zuba su, godiya ɗaya kinka yi musu.

Kuma ke kin tashi a gidan nan. Kin san ba mu da wani suna da muke kiran tsakiyar tafki sai sunan garuruwan da ke ƙasa. In masunci ya ce ya kwana biyu yana kamu a kan Gungun Dudu, kowa ya san inda yake nufi. Da me kike so in kira wurin? Sunanki ma daga can ya fito. Matar da kike amsa sunanta tana kwance taku goma daga gindin itacen da abin naki ya ce bai san garinsa ba.

Yanzu maganar da kinka ajiye a shafi na uku, kina ta kewaye kafin ki faɗa. Kin tuna mini cewa ranar gwaji, da wayar ta dawo wa wani dattijo da jan rubutun Turanci, ni ne na tashi na ce waya ba za ta yi wa mai furfura tsawa ba, a koya mata ladabi ko a kwashe ta. Kin ce saboda maganata kinka sa mai tsaron ya riƙa godiya. Na faɗa, ban musa ba. Elijah ma na nan yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na ɗauki nawa. Amma ladabi na ce a koya mata, ban ce a koya mata ƙarya ba. Yaron kirki in an aike shi ya kasa, durƙusawa yake ya ce Baba ban samu wurin ba. Wanda zai durƙusa ya ce an isar alhali saƙon na aljihunsa, wannan ba ladabi ba ne, akawu ne ya sake haihuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shafi na huɗu ne. Kin ce ogan kamfaninku ya ce a gyara a yi shiru, kada littafin ya fita, domin in wasu ƙungiyoyi sun ji za su guje ku. To a gyara mana. Taru ya gyaru, kamfani ya tsira, ni kuwa ranar ashirin a rubuta ni maƙaryaci, Hansatu ta ci gaba da kallon bango har ɗayanmu ya mutu.

Na san abin da nake nema zai iya taɓa abincinki. Na auna shi, ban raina shi ba, ni na sayar da taruna biyu shekarar da za ki shiga jami'a. Duk da haka ina nema. Ki fitar da shafukan nan a takarda, ki sa hannu, ki ba direban da ke kawo mini wasiƙa, su iso kafin ranar ashirin. In ba za ki iya ba, ki rubuto ki ce Baba ba zan iya ba. Zan ji zafi, amma zan san an ba ni amsa. Kada dai ki ce za ki duba.

Allah ya ba Mansura lafiya.

Mahaifinki,
Cindo


Tungan Sahabi
23 ga watan shida, 2024

Zuwa ga ɗiyata mai sunan Inna,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kwanakin baya. Yaya gida, yaya maigidanki, yaya ƙarfin jikin Mansura? Mahaifiyarki ta ce in tambaya ko kina cin abinci. Ruwan sama ya fara sauka sosai, gero ya fito.

Takardun sun iso ana gobe zama. Na ɗauka shafi biyu za ki aiko, sai ga ƙunshi kamar na tsire. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Saƙo ɗari biyu da sittin da uku mai tsaron naki ya haɗiye a shekara guda, kusan duka daga tsofaffi, daga wannan gaɓa da waccan, kowa na kiran garin ubansa da ke ƙasan ruwa. Wani ya ga kututture, wani ya ga tsohon bango, wani yashi ya taso masa. Duka an gode musu.

Ranar zaman na miƙa wa Jabir na ce ya karanta da ƙarfi, tunda shi ne mai ido. Ya karanta nawa goma sha ɗaya, rana bayan rana. Wanda ya ce ido in ya tsufa a bar shi ya huta, na neme shi a cikin jama'a, kansa na ƙasa yana gyaran takalmi. Da anka shiga na sauran, wani tsoho daga wajen Shanga ya ji sunan garinsu, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Haruna ya miƙe ba wanda ya kira shi, ya ce yanzu ya tuna. Na ce masa Allah ya ƙara lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba a rubuta komai a kaina ba. Wayar tana nan wurina, ban ce ina so ba, ban kuma mayar ba.

Jiya na koma gidan mai ɗori. Ban gama sallama ba Hansatu ta amsa. Ta ce, Cindo, ka tsufa ba ka bar taurin kai ba, zauna ka daina tsaya mini a ka. Na zauna. Wannan ya ishe ni.

Na ga abin da kinka rubuta a ƙasan takardar, cewa ogan naki bai san kin aiko ba sai bayan mota ta tashi, kuma yanzu ba ya amsa gaisuwarki. Ki yi haƙuri da shi. Ni ma na ɗanɗana, ba ya kisa. Inna ba ta taɓa ɓoye gaskiya don tuwo ba, ba a yi asarar sunan ba.

To amma kada ki ɗauka na gama.

Kin ce kin canza wa mai tsaron umarni. Yanzu in ya cafke kuskure sai ya duba irinsa, ƙarami ya sake gwadawa, babba kuwa ya faɗa wa mai saƙo gaskiya, ya kuma tada wani a ofishinku. Na ce Elijah ya gwada. Ya tura Gungun Dudu. Amsa ta dawo: Ba mu san wannan wuri ba, saƙonka bai isa ga direbobi ba, wani zai kira ka. Na sa ya karanta sau biyu. Tun da anka tashe mu, wannan ce magana ta farko ta gaskiya da wani ofis ya faɗa mini. Ba su san wurin ba. Da akawun nan ya faɗa wa Baba haka, da Baba ya ɗauki gatari ya sare ta da kansa kafin ruwa ya zo.

Sai dai yau kwana uku wayar na aljihuna, ko wanka zan shiga sai na ba mahaifiyarki ta riƙe. Babu wanda ya kira. Wane ne wani? Ɗan wa ne? Yana da kunne? Ko kun ɗauke akawu daga ƙofar gaba kun zaunar da shi a ta baya?

Sannan kin ce ogan ya ce ba a sa suna a jeri sai wanda ke kan taswira, domin garin da babu shi ba a iya nuna shi. Ki faɗa masa garin na nan. Ya karya ƙafar mace a watan jiya. Ni da tsofaffi shida munka zauna bayan taron, munka lissafa garuruwa goma sha tara da ke ƙasan ruwa daga nan zuwa Shanga, kowane da abin da ya bari a tsaye. Elijah ya rubuta, ga shi a cikin ambulan. In oga na son ya ga inda suke, ya zo, zan sa shi a kwalekwale in ba shi gora ya taɓa da hannunsa. Mu bakwai ne munka rage da munka san su duka, ƙaraminmu ya haura sittin da biyar. In munka tafi, sai dai jirage su riƙa gano muku su ɗaya bayan ɗaya.

Duro ɗaya anka kafa. Saura goma sha takwas, kuma ruwan tafki bai gama ja ba.

Don haka ga abin da nake so. Mutum mai suna, mai uba, ya ɗauki biro ya rubuto mini, ni Cindo ɗan Sahabi na Gungun Dudu, ya ce za a sa sunayen nan ko ba za a sa ba, kuma yaushe. Kada a gode mini. An gode wa Baba sau uku, an gode mini sau goma sha ɗaya, godiya ta ishe gidanmu. A amsa mini.

Allah ya tsare ki, ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki mai jira,
Cindo na Gungun Dudu